Sallar da Zogale Ya Hau Kujerar Rago

Lesta, Ingila
Yuli, 2023

Zuwa ga kishiyata, uwargida sarautar mata, Kakata ta Zakka.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, ke da kowa da kowa na gida. Ya ƙafar? Ya damina? An yi sallah lafiya? Allah ya maimaita mana. Ki gaida mani mijinmu, ki shaida mashi amaryarshi ta Ingila na nan daram, kuma ina lissafe da kwanakin girkina da kike ta cinyewa tun da na taho. In na dawo sai kin biya. Auta, kai da za ka karanta mata wannan takarda, ka ɗaga murya, kada kuma ka tsallake layi don tsoron sandarta.

Takarda na zaɓa saboda na san tsakaninki da waya. Tun da aka rufe mana layuka a Safana da Batsari a 2021 kika yanke hukuncin cewa abin da wani zai kashe ya kunna lokacin da ya ga dama, ba a ɗaura mashi zumunci. To ga takarda nan, ita ba ta neman caji.

Na ga hoton ragon. Kawu ya iya zaɓe, Allah ya saka mashi da alheri. An kuma ba ni labarin yadda kika kafa kujera a tsakar gida kina ba da umarnin rabo, kika tattara hanta da ƙoda gabanki, wai su kaɗai haƙoranki ke iyawa. Waɗanne haƙoran, Kaka? Biyun nan da ko gaisawa ba su yi? Allah ya sa ya zama lafiya. Yanzu ki aje gogaggen goron nan tukuna kada ki ƙware, don labarin da zan ba ki sai ya sa ki salati. Mun tara baƙi cike da falo don walimar babbar sallah, an ci an ƙoshi har da guzuri, kuma babu tsoka, babu ƙashi, babu ko romo.

Na san me za ki ce. Za ki ce, "Wayyo, ashe talauci ma yana da fasfo." Ba shi ba ne. Bari in faro maki daga tushe.

Ranar Laraba 28 ga Yuni muka yi sallah, rana ɗaya da ku. Sai dai nan ba ranar hutu ba ce. Mun je idi a unguwar Highfields inda masallatai ke da yawa, ga Somaliyawa ga Indiyawa ga Larabawa ga mu, ana shafa addu'a kowa ya duba agogo ya ruga wurin aiki. Ba kukan rago, ba hayaƙin babbaka, ba yara masu yawon barka da sallah. Doka ba ta yarda mutum ya kayar da dabbar layya a bayan gidanshi ba, sai a mayankar da hukuma ta ba lasisi. Masu son yi a nan sukan biya mahauci tun da wuri, daga baya su je su karɓo ragonsu a yayyanke cikin kwali. Mu dai muka ce gara ya faɗi a Zakka, inda za a ci shi tun daga harshe har bindi.

Gidan da ke manne da namu na wani dattijo ne da matarshi. Asalin kakanninsu Gujarat ta ƙasar Indiya, amma su a Yuganda aka haife su. A 1972 shugaban Yuganda Idi Amin ya ba Indiyawan ƙasar kwana 90 su fice. Hukumar wannan birni har sanarwa ta buga a wata jaridar Yuganda tana cewa kada su nufo Lesta, babu wuri, amma duk da haka wajen mutum 10,000 suka zo, kowa da ɗan akwatinshi. Yau in kika bi titin Belgrave, shagunansu ne hagu da dama: masu gwal, masu yadi, masu kayan miya, da gidajen abincin da ba a ɗora nama a murhunsu. Dattijon yana saurayi lokacin da aka koro su. In yana ba da labarin yadda suka ja ƙofa suka bar komai, mutanen ƙauyukanmu na bakin Rugu nake tunowa, waɗanda suka riƙa kwana a makarantun Batsari da 'yan ƙullin kayansu.

A Satumbar bara an yi tashin hankali a gabashin garin nan tsakanin wasu samarin Hindu da wasu samarin Musulmi, bayan wani wasan kurket na Indiya da Pakistan. Ban faɗa maku ba a lokacin don kada hankalinku ya tashi. 'Yan sanda ko'ina, kowa na kallon kowa a kaikaice, ni da hijabina sai na rage fita. Bayan kamar wata guda, daren bikin fitilu na Hindu da suke kira Diwali, aka ƙwanƙwasa mana ƙofa. Ina buɗewa sai ga tsohuwar nan, matar dattijon, da faranti rufe da ƙyalle, cike da alawar madara da soye-soye irin nasu. Ta ce babu giya, babu komai na haram a ciki, sai da ta tambaya kafin ta yi. Ta kama hannuna ta ce, "In duk titin nan ya haukace, ni da ke ba za mu haukace ba." Tun daga ranar, in na dawo aikin dare sai in tarar ta karɓar mani saƙo, in mura ta kwantar da ni ita ke aiko da shayi mai citta.

Ke kika koya mani kwanon maƙwabci ba ya komawa wayam. Sallah ta zo, lokacin ramawa ya yi, ga shi abin da muke kai wa maƙwabta ranar layya shi ne abin da baiwar Allahn nan ba ta taɓa sawa a baki ba tun da aka haife ta. Ko ƙwai ba ta ci. In na aika mata cinyar rago, faɗa na tono. Sai na tuna ciyayyar ƙofar gidanmu, yadda bayan magariba kowane gida ke fito da akushinshi a shimfiɗa tabarma, mai miyar kuka da mai ta kuɓewa su sa hannu kwano ɗaya, ba mai tambayar wa ya kawo me. Turawa ma suna yin irin wannan, kowa ya dafo nashi a haɗu gida ɗaya. Na ce to ranar Asabar, tunda ba aiki, kowa ya dafo ya zo. Sharaɗi biyu ne: nasu ba nama, namu ba giya.

Angonki, wato maigidana, da ya ji sai da ya nemi wuri ya zauna. Ya ce, "Walimar layya ba nama? In aka ji wannan a Zakka ai sai a tara mana malamai." Ya ce dama shekarar ce ta zo da haka, ƙungiyar ƙwallon garin, wadda Ahmed Musa ya taɓa buga wa, ta faɗa rukuni na biyu a watan Mayu, yanzu kuma rago ya bi ta. Auta zai yi maki bayani. Amma fa shi ya fara zuwa kasuwa ya sayo sabuwar tukunya da sabon ludayi, don ya ji tsohuwar ba ta cin abin da aka dafa a tukunyar da ta taɓa ganin nama. Ki riƙe mashi wannan, ya yi abin kirki.

Da na fara tambayar baƙi abin da ba su ci, sai da na nemi biro. Ashe ƙin nama ma hawa-hawa ne. Dattijon da matarshi suna shan nono, suna cin man shanu, nama da kifi da ƙwai ne ba su taɓawa. Wata abokiyar aikina 'yar Habasha, Kirista ce ta cocin Orthodox, ita tana cin nama sosai, amma sallarmu ta faɗo cikin azuminsu na manzanni, wanda a cikinshi ba nama, ba nono, ba ƙwai, har sai ya wuce. Wani Bature abokin karatun angonki ya zarce nan, shi har zuma ba ya sha, wai guminsu ne ƙudan zuman. Takalminshi ma ba na fata ba ne. Kada ki ce sabon yayi ne: Donald Watson, wanda ya jagoranci kafa ƙungiyar irinsu a 1944, a garin nan yake zaune a lokacin yana koyar da aikin kafinta.

Sai gwanarsu duka, wata yarinya ɗaliba mai natsuwa, 'yar addinin Jain. Su kaɗan ne, ko a Indiya ba su kai miliyan 5 ba, amma suna da wurin ibada a tsakiyar Lesta tun 1988. Ita bayan nama da ƙwai da zuma, abin da ake tonowa daga ƙasa ma ba ta ci: ba albasa, ba tafarnuwa, ba dankali, ba rogo. Ta ce in ka tuge saiwa ka kashe tsiron gaba ɗaya, ka kuma halaka ƙananan halittun da ke maƙale a jikinta. Kuma ba ta sa komai a baki bayan faɗuwar rana. Na ce mata, "Yarinya, da a Batsari aka haife ki da an sha kallo ranar Alhamis a layin masu rogo." Na tambaye ta gyaɗa fa, gabana na faɗuwa, don in gyaɗa ta fita daga lissafi to walimar ta rushe. Ta ce a gidansu ana ci, 'ya'ya ce ba saiwa ba. Na yi hamdala.

Rigimar ba daga Indiya ta zo ba, daga Bida ta zo. Kin san Banufe ba ya nisa da Bakatsine, don ya samu mai riƙe mashi hannu in za a tsallaka titi. Wani Banufe ne, abokin angonki. Ya bugo waya ya ce zai kawo shinkafa da miyar kifi. Aka ce mashi ba nama. Ya ce ai kifi ba nama ba ne, ganye ne da Allah ya shuka a ruwa. Aka yi ta fama da shi. Ya ce to busasshe fa, wanda ya riga ya zama itace? Angonki ya ce in ya shigo da ko ƙaya ɗaya, a bakin ƙofa zai ci abincinshi tare da kyanwar maƙwabta. Ranar ya zo da dafa-duka ta ganye zalla, ya aje yana yi mata ta'aziyya. Gaskiya dai shinkafar ta dahu warwar, a nan kam ba a ja da Nufawa.

Ni kuwa da na zauna na lissafa abin da muka tashi muna ci, sai na ga a wannan fanni Zakka ba ta da abin koya wurin kowa. Sau nawa tukunyarki ke ganin nama a wata? Ranar kasuwa in an samu, ranar suna, ranar sallah. Sauran kwanakin kuwa kuka ce da daddawa, kuɓewa, karkashi, tafasa, rama, yaɗiya, wake. Da su kika raini 'ya'ya da jikoki, ga mu nan garau, ba wanda iska ta ɗauka.

Zogale a shagon Indiyawa na same shi, ɗanye shar, an ɗauro shi ƙulli-ƙulli an sako a jirgi. Kuɗin ƙulli ɗaya kuwa, in na faɗa maki sai kin ɗaukar wa bishiyar bayan ɗakinki mai gadi. Su ma suna ci, sai dai sun fi son 'ya'yan, dogayen sandunan nan da muke bari su bushe a sama, su yayyanka su yi miya da su. Kanwa da garin wake na samo a shagon 'yan Afirka da ke titin Narborough. Ƙuli-ƙuli ne ya gagara, sai na sayi markaɗaɗɗiyar gyaɗa ta kwalba wadda ba sukari, na juye a kwano, ina ɗiga ruwan zafi ina juyawa da muciya yadda kike yi, har ta haɗe rai ta fara zubo da mai. Na matse tunkuzar, na mulmula, na soya a cikin man nata. Ƙamshin da ya tashi a kicin ɗin nan, Kaka, na tsakar gidanki ne ranar tuyar ƙuli. Angonki ya leƙo ya ce ko a nan aka tsaya sallah ta yi.

Na dafa zogalen na matse, na daka ƙulin da barkono da gishiri, na kwaɗa kashi biyu, ɗaya da albasa ɗaya babu. Ɗanwaken da fulawa na haɗa maimakon garin rogo saboda yarinyar nan. Ƙosai ma kashi biyu. Dunƙulen miya na kanti sai da na karanta bayan kwalinshi, na ga akwai kaza a ciki, na maida shi inda na ɗauko, na jawo daddawar da kika ƙullo mani, wadda nake ɓoyo a kwalba cikin wata kwalbar. Da ita na kaɗa miyar kuka, na tuƙa tuwon shinkafa. Ga zoɓo ya yi sanyi a firji.

A wannan lokaci na shekara agogonmu ɗaya da naku, amma rana ba ta faɗuwa a nan sai wajen ƙarfe 9:30. Lokacin da kuka idar da isha'i kuka ja ƙyaure, mu ko magariba ba ta yi ba, don haka yarinyar ta ci abincinta a natse ba ta kallon taga. Kujeru ba su isa ba, muka ture tebur gefe muka shimfiɗa zannuwa a ƙasa. Baturen ya daɗe yana neman inda zai aje ƙafafunshi.

'Yar Habasha ta kawo injera, wani faffaɗan sinasir mai tsami da suke yi da tef, ƙwayar da ta fi acca ƙanƙanta, ta jera mashi miyar jan wake mai yaji da miyar ganye a kai. Ba cokali, shi ake yagowa a ɗebi miyar. A al'adarsu mutum kan naɗo loma ya sa wa wanda yake ƙauna a baki. Ta yi mani, ta yi wa tsohuwar, Banufe ya buɗe baki tun daga nesa aka wuce shi. Baturen ya buɗe kwanonshi yana ta bayanin wani abinci mai gina jiki da ake yi da waken suya, wanda asalinshi daga ƙasar Sin. Muka leƙa. Awara ce, Kaka. Awarar da yara ke sayarwa a bakin makaranta, sai dai tashi fara fat, ba ta ga mai ba, ba ta ga yaji ba. Na nemi izininshi na kai ta kicin na soya, na barbaɗa mata yaji na dawo da ita. Ya ci ya ce bai taɓa sanin haka take ba.

Dattijon ya kawo soyayyen rogo da barkono da lemun tsami, cimar da suka taso da ita a Yuganda, mogo suke ce mashi. Ya yi daɗi, amma na gaya mashi sai ya ci na Batsari mai gari kafin ya yi magana. Matarshi kuwa da ta buɗe nata sai da na yi salati. Gero ne. Geronmu, wanda kuke nomewa yanzu haka, an niƙa an kwaɓa an faɗaɗa da tafin hannu an gasa a kasko, ga kuma tsala a gefe mai ɗan gishiri. Ta ce abincin manoman Gujarat ke nan, da shi kakarta ta rayu. Angonki, da yake karatun noma yake yi, ya ce bincike ya nuna daga yankinmu na Sahel gero ya tashi, ya isa Indiya shekaru dubbai da suka wuce, kuma Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware bana, 2023, a matsayin shekarar gero da danginshi, Indiya ce ma ta nemi a yi haka. Na ce to a sanar da Majalisar akwai wata tsohuwa a Zakka da ta haura shekara 70 tana wannan biki kullum, ba wanda ya ba ta lambar yabo. Na marmasa gurasar geron a cikin tsalar na sha, tsohuwar ta tafa hannu ta ce haka mahaifinta ke yi.

Amma sarautar ranar kwaɗo ya ɗauka. Kwanon farko bai gama zagayawa ba ya ƙare. Baturen ya ɗauko biro yana neman awo, cokali nawa na wannan, giram nawa na wancan. Na ce mashi wadda ta koya mani da ido take awo, idon ma yanzu sai da tabarau. Miyar kuka ta ba su tsoro da farko saboda yauƙinta da launinta. Tsohuwar ce ta fara kai hannu, ta sunsuna ta tambayi abin da ke ba ta wannan ƙamshi mai nauyi. Na kwatanta mata ɗorawa, da yadda kike wuni kina dafa kalwa, ki surfa ki wanke, ki sake dafawa, ki rufe ta a ɗaki har ta yi, sannan ki kirɓa ki shanya. Ta ce mace mai wannan haƙuri ta isa a gaishe ta. To ga gaisuwarta na isar. Angonki mai neman a tara malamai kuwa, na gan shi da idona yana suɗe kwanon ɗanwake, shi da Banufe suna ture-ture.

Da ciki ya ɗauka sai hira ta koma gida. Kowa a falon nan akwai wanda ya baro. 'Yar Habasha ta nuna mana hoton ɗiyarta da ke wurin mahaifiyarta a Addis Ababa. Yarinyar nan 'yar Jain ta ce tun zuwanta ƙasar nan ba ta taɓa cin abinci a gidan wani ba tare da ta yi ta ba da haƙuri ba sai ranar. Dattijon ya tambayi dalilin layya, angonki ya ba shi labarin Annabi Ibrahim da ɗanshi, ya kuma gaya mashi yadda ake kasa naman a kai wa mabuƙata da maƙwabta da dangi. Dattijon ya ce shi dai ba zai ci ba, amma rabon ya fahimce shi sarai. Da magariba ta yi muka tashi salla, kafin mu sallame tsohuwar ta wanke rabin kwanukan.

Kaka, ban manta ba cewa bana akwai gidaje da yawa a wajenmu da suka yi sallah ba nama, kuma su ba zaɓa suka yi ba. Akwai wanda aka kore wa shanu da tumaki aka shige da su Rugu, akwai wanda ya sayar da ɗan abin da ya rage ya fanso ɗanshi, akwai wanda tsadar da ta biyo bayan cire tallafin mai ta hana shi ko kaza. Mu mun yi ta dariya a kan kwaɗo, wani kuwa shi ne abincinshi safe da dare, in ma ya samu halin fita ya yago ganyen. Wannan na raina duk tsawon walimar. Na san an riga an yi rabo, amma soyayyen da kika adana a tukunyar nan ta ƙarƙashin gado, wadda kike tsammanin ba wanda ya san da ita, ki sa Auta ya ɗebi rabona da na angonki ya kai wa matan nan da suka taso daga ƙauye suke zaune gidan Gwaggo. Kakiden ma a ba su su sa a miya. Bindin a bar maki na cika-ciki.

Mai kawo maki wannan takarda zai juyo bayan wata guda. Ki haɗo mani daddawa, ta kalwa da ta batso, da kuka sabon daka, da busasshiyar tafasa in ta samu. Kada ki sako kilishi ko dambun nama, doka ta hana shigo da nama da nono daga ƙasashenmu, a filin jirgi ake ƙwacewa. Tsohuwar ta aiko maki da mayafi ruwan goro, yana cikin ledar. Ta kuma ce in tambaye ki ko ana jefa kanwa a dahuwar zogale, don ta gwada nata ya yi ɗaci. Na ba ta amsa, ta ce daga bakinki take son ji. Ki faɗa wa Auta ya rubuto.

A gaida Inna da Baba, da Kawu da iyalinshi, da Gwaggo da baƙinta, da duk wanda ya tambaye ni. Allah ya ba da damina mai albarka, ya sa a yi noman firi da maimai lafiya, ya kawo mana ƙarshen wannan masifa ta daji.

Taki har kullum,
Jikarki ta Lesta.